Wata takwas a kan sirdi: amsa ga mai tambaya a kan aikin kaboyi

Wani ɗalibin aikin gona ya aiko mini da tambaya: "Baba, an ce ka taɓa yin aikin kaboyi a Amurka. Da gaske ne? Aikin kamar na fim yake? Kuma me ya raba shi da kiwon Fulaninmu, tunda yanzu ko'ina sai maganar a killace shanu a gandun kiwo?"

Da gaske ne, ɗana, sai dai ban daɗe ba. Wata takwas na yi, daga farkon Maris zuwa ƙarshen Oktoba na 1978, a wani gandun kiwo da ke yammacin jihar Nebraska. A wancan zamani akwai zumunci tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kansas, wadda ta taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi a Zariya, shi ya sa da yawa daga cikinmu can muka nufa ƙaro ilimi. Da lokacin aikin sanin makama ya zo, abokaina suka zaɓi ɗakin gwaje-gwaje. Ni kuwa da na tashi a gidan da ake ɗaure doki, ina ganin babu abin da za a nuna mini a kan sirdi, na ce a kai ni wurin kaboyi. Sati ban yi ba na gane cewa kilisa daban, aiki daban.

Ƙasar ce ta fara ba ni mamaki. Sunan yankin Sandhills, wato tuddan yashi, kuma ya cinye kusan rubu'in jihar. Ka ɗauki tuddan rairayin da ke wajen Gure a Nijar ka lulluɓe su da ciyawa, to ka ga wurin. Babu dutse, babu bishiya sai wadda aka dasa a bakin gida don tare iska. Ruwan saman da ke sauka a shekara tsakanin milimita 430 ne da 580, wato bai tsere wa na Maraɗi da wani abin kirki ba. Arzikin wurin a ƙarƙashin ƙasa yake: akwai wani makeken taskar ruwa da ake kira Ogallala, wanda a cikin kwari yake tasowa har ya zama tafki da fadama. Saboda yashin nan, yawancin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, kofatonsu haka nan suke tafiya. Gandun da na zauna, in ka hau doki da asuba daga gida, ba ka isa shingen arewa sai hantsi ya dubi ludayi. Iyayen shanu sun kai 1,500, mu kuwa masu aikin mu shida ne har da mai gandun da matarsa. Maƙwabcin da ya fi kusa sai an shiga mota.

Kaboyin da ka sani a fim ya taɓa wanzuwa, amma zamaninsa gajere ne, bai wuce shekara 20 ba. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Teksas ba masu saye, biranen gabas kuma suna neman nama. Sai aka riƙa koro garke mai shanu 2,000 zuwa 3,000 a ƙasa, mahaya goma sha wani abu na biye, har zuwa inda jirgin ƙasa ya tsaya: Abilene a Kansas daga 1867, daga baya Dodge City, da garin Ogallala a Nebraska. Duk wanda ya ji labarin yadda fataken shanunmu suke koro su a ƙasa zuwa Ibadan da Ikko kafin zuwan tirela, ya san irin wahalar. Abin da ya kashe wannan fatauci shi ne waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, da shigar layin dogo cikin Teksas kanta, da dokokin hana shigo da shanun kudu saboda cutar kaska, sannan hunturun 1886 zuwa 1887 ya zo ya karkashe shanu a fili ba adadi. Daga nan aka koma shinge da ajiye ingirici.

Akwai abubuwan da fim bai cika nunawa ba. Sana'ar kanta daga makiyayan Meziko aka koye ta, waɗanda ake kira bakero: sirdin, igiyar, wandon fatar da ake ɗorawa a kan wando, duk nasu ne. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa a zamanin koron shanun nan kusan ɗaya cikin huɗu na kaboyi baƙar fata ne, da yawansu 'yantattun bayi. Wani kaboyi baƙar fata da ya zo daga baya, Bill Pickett, shi ya ƙirƙiro wasan dirowa daga doki a kama sa ta ƙaho a kayar. Ita kuma ciyawar da muke kiwo a kai, ƙasar farautar 'yan asalin wurin ce, irin su Lakota da Pawnee, sai da aka kore su aka karkashe ɓaunar da suke rayuwa a kanta. A 1904 aka yi dokar Kinkaid wadda ta ba duk mai so eka 640 a yankin, mutane suka yi ta zuwa da garma, yashi ya ƙi noma, suka sayar wa masu shanu suka tafi. Haka manyan gandayen suka haɗu. A cikin makiyayarmu akwai kufai biyu na irin waɗannan mutane, ba abin da ya rage sai itatuwan da suka dasa.

Bindiga kuwa, guda ɗaya na sani, tana rataye a bayan kujerar akori-kura. Aikinta karen dajin nan mai kama da dila da ke ɗaukar jariran maruƙa, sai kuma saniyar da ta karye ba gyara. Ranar da na fara ganin an harbe irin wannan saniya an ja ta bayan tudu an bar wa namun daji, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da sun ba ni wuƙa. Helmanmu, wani tsoho mai ƙarancin magana wanda babban yatsansa na dama guntu ne, ya ce kafin a kawo mota a ɗauki naman ya lalace, kuma babu wanda zai ci. A garinmu da an yi watanda kafin la'asar.

Guntun yatsan nan igiya ce ta cinye shi. Sirdin kaboyi yana da wani ƙaho a gaba, kuma nauyinsa ya kusa kilo 20, don an gina shi ne ya riƙe sa. Idan ka jefa zarge ya kama, sai ka naɗa sauran igiyar a ƙahon da sauri, doki ya ja birki. In yatsanka ya shiga cikin naɗin, ya tafi. Abin da aka fara koya mini ke nan: babban yatsa sama yake kallo kullum. Kowane mahayi yana da dawaki biyar ko shida da yake juyawa, duk fiɗiyayyu, ba ingarma, domin ba a neman doki mai rawa da tsaye da ƙafar baya irin na hawan sallah. Linzamin ma sakwakwa ake riƙe shi, da hannu ɗaya, a jingina shi a wuyan doki ya juya. Ni da na saba da ɗame linzami, dokin farko da aka ba ni ya yi haƙuri kwana biyu, a na uku ya yi tutsu ya dasa ni a yashi gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Sun ajiye ta sai wajen cin abinci, suka yi wata guda suna ci da ita.

Na isa ana tsakiyar haihuwa. A can ba a barin bijimi cikin garke shekara duka. A watan Yuni ake sakin bijimai, ɗaya ga shanu 25 ko makamancin haka, bayan wata biyu a kwashe su. Tunda cikin saniya kwana 283 ne ko kusa da haka, duk haihuwar sai ta taru a Maris da Afrilu. Manyan shanu sukan haihu da kansu a kwari. Karsanai masu shekara biyu su ne aiki, don haka ake tara su kusa da gida, a riƙa zagaya su duk bayan awa biyu, dare da rana. Sabon zuwa shi ake ba tsakar dare.

Wani dare, sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri 15, gashin hancina yana daskarewa, na haska tocila na ga wata karsana ta kwanta ta tashi ta kwanta, kofato biyu sun leƙo. Na tsaya na duba da kyau, don an riga an koya mini: in tafin kofaton ƙasa yake kallo, hannuwa ne, maraƙi ya zo daidai, in sama yake kallo, ƙafafun baya ne, ya juyo, kuma lokaci ya ƙure, domin da zarar cibiya ta matse zai shaƙi ruwa. Waɗannan sama suke kallo. Na ruga na taso helma. Muka kora ta cikin rumfa, muka datse kanta, ya tuɓe riga a cikin wannan sanyi ya wanke hannu har kafaɗa, ya zarga sarƙa a saman ƙaurin kowace ƙafa. Ya ce kada in ja sai ta yi nishi, in ta huta in huta, ƙafa ɗaya sannan ɗaya, har kwankwaso ya wuce, daga nan kuma babu tsayawa. Maraƙin ya faɗo a kan ciyawa kamar jiƙaƙƙen buhu, ba motsi. A karatuna na san abin da littafi ya ce a yi, amma hannuna ya ƙi. Tsohon ya ciro tsinken ciyawa ya soka masa a hanci. Maraƙi ya yi atishawa, ya girgiza kunne. Sai ya miƙo mini buhu ya ce in goge shi da ƙarfi, ya sa rigarsa, ya ce in tabbatar ya sha dakashi kafin awa biyu, ya koma barci. Maganarsa ta wannan dare ba ta kai jimla goma ba.

Dakashin nan shi ne rabin rayuwar maraƙi, a Nebraska ko a makiyayar Ladduga ta jihar Kaduna, domin garkuwar jiki ba ta ratsa mahaifar saniya, sai ta nonon farko, kuma hanjin maraƙi yana daina karɓarta cikin kwana guda. Wanda sanyi ya kama har bakinsa ya yi sanyi ba ya iya tsotso, sai mu ɗauko shi a gaban sirdi mu tsoma shi a bahon wankanmu cikin ruwan ɗumi. Na sha wanka a bahon da maraƙi ya fita. In kuma maraƙi ya mutu, ga wani maraya ko ɗan tagwaye, sai a feɗe mataccen a sa wa marayan fatar kamar riga, uwar ta shinshina wajen wutsiya ta ji warin ɗanta ta karɓe shi. Bayan kwana uku ko huɗu a cire. Suna nuna mini abin kamar wata hikima ta Turawa, na ce musu makiyayanmu ma sun san yaudarar saniya da fatar ɗanta don ta saki nono. Nan ne maganar nono ta taso, kuma har yau in na faɗa wa Bafulatani sai ya riƙe baki: shanu 1,500, ba a tatsar ko ɗaya. Madarar da muke sha da safe daga kanti ake sayo ta a kwali. Nonon duka na maraƙi ne, domin maraƙin shi ne amfanin gona.

A watan Mayu ake yin lalas, kuma wannan ita ce ranar da ta fi kama da fim. Gayya ce sosai, irin tamu. Maƙwabta suna zuwa da dawakinsu a mota tun duhun asuba, yau a gandunka, jibi a na wani, ba a biyan kowa, sai dai uwargida ta ciyar da mutum arba'in. A tattaro garke, a ware iyaye, a bar maruƙa a cikin shinge. Mahaya biyu ko uku su shiga a hankali, su zarge ƙafafun baya na maraƙi, su jawo shi bakin wuta. Mutum biyu su tare shi: ɗaya ya danne wuya da gwiwa ya lanƙwashe hannun sama, ɗayan ya zauna a ƙasa ya tokare ƙafar ƙasa da takalminsa ya ja ta sama. Cikin minti guda an ɗora ƙarfe, an yi allurar harbin daji, an tsaga kunne, in namiji ne an fiɗiye shi, an sake shi yana neman uwa. Ƙarfen ba a barinsa ya yi ja, launin toka ake so, a ɗora daƙiƙa kaɗan har wurin ya yi kalar fatar sirdi. Ja yana cinye fata ya bar gyambo, shaidar ta dagule. Warin ƙonannen gashin nan yana kwana uku a hanci.

Wurin akwai ladabi mai tsanani wanda ba wanda zai gaya maka. Ba ka ɗaukar igiya sai mai gandu ya kira sunanka, kuma tsofaffi da ƙwararru ake kira. Ƙarfe na mai shanu ne ko wanda ya amince wa. Wuƙa ta dattawa ce. Yara da baƙi su ne masu kokawa a ƙasa cikin kashi da ƙura. Ba ka gitta dokinka ta gaban dokin wani. Ni lalas bakwai na je a wannan shekara, duk a ƙasa na yi su, sai a na ƙarshe wani maƙwabci ya miƙo mini igiyarsa ya ce in gwada. Na jefa sau tara na kama biyu. Da yamma akan soya 'ya'yan marainan da aka ciro a ci da giya, kuma abin alfahari ne a ba baƙo. Na ce musu a addinina abin da aka yanko daga jikin dabba tana raye mushe ne. Suka yi shiru, sai wani ya ce to nasa rabon ya ƙaru. Matar mai gandun kuwa, tun satin farko da ta lura ina ture naman alade da safe, ta ware mini kasko daban ba tare da ta ce komai ba. Akwai wani matashi a cikinmu da bai taɓa zama teburi ɗaya da baƙar fata ba, ya kuma nuna mini hakan wata biyu cur. Shi ma daga baya shi ke riƙe mini doki in na sauka yin azahar.

Shaidar nan ba ado ba ce. Kowace an yi mata rajista da sunan mai ita da gurbin da ake ɗora ta a jikin saniya, kuma tun 1941 jihar tana da hukumar da ma'aikatanta ke tsayawa a kara su duba kowace dabba kafin a sayar ko a fitar da ita daga yankin. Ka zo da saniya mai shaidar wani ba takardar ciniki, kuɗin ba hannunka zai shiga ba. Ɓarawon shanu bai ƙare a Amurka ba, amma an ƙuntata masa kasuwa, kuma a ganina nan ne maganin yake, tunda wanda ya kore garke a daji sai ya sami mai saye. Illar lalas ɗaya ce wadda majeman Kano za su gaya maka: yana ɓata kirgi.

Babban kuskurena a watan Yuni na yi shi. Za mu kai shanu kusan 300 da 'ya'yansu makiyayar damina, tafiyar kilomita goma sha. Aka sa ni a baya, inda ƙura take. Abin da ban sani ba shi ne, in garke ya miƙe, iyaye suna yin gaba, maruƙa su gaji su taru a baya, kowanne yana zaton uwarsa an baro ta. Kuma ɗabi'ar maraƙi ce, in ya rasa uwa, ya koma daidai inda ya yi tsotso na ƙarshe. Muka iso wata ƙofar shinge, gaba ta cushe, ni kuma ina son a ga ƙwazona, na matsa ina ihu ina kaɗa igiya. Wani ɗan jan maraƙi ya juyo ya dube ni, ya ɗaga wutsiya, ya bi ta ƙarƙashin wuyan dokina. Na bi shi a sukwane. Barin wurina ke da wuya sai guda talatin suka ɓalle ta gurbin da na bari, iyayen da suka ji kuka suka juyo su ma. Ɗan maraƙi mai wata biyu in ya sa kai, doki ba ya juyo da shi. Ya bi ta cikin waya, ya bi ta tafki. Helma ya hau kan tudu ya tsaya yana kallo, ya ɗaga hula ya kira kowa. Ya ce a bar su. Muka koma inda muka taso, muka zauna a kan dawaki har kowace uwa ta sami ɗanta, aikin yini ya tashi a banza. Washegari muka sake, a hankali kamar masu rakiyar amarya, kuma da muka isa ba mu tafi ba sai da muka tsare su awa biyu kowa ya haɗu da nasa. A hanyar komawa ya jero da dokinsa kusa da nawa, ya ce hanya mafi sauri ta kora shanu ita ce a hankali. Ya kuma nuna mini abin da ya fi wannan amfani: kafaɗar saniya ita ce ma'auni. Ka tsaya bayan kafaɗa ta yi gaba, ka wuce gaban kafaɗa ta tsaya ko ta juya, ka matso ta motsa, ka ja baya ta huce. Mai ihu bai san wannan ba ne.

A nan bambancin da ka tambaya yake. Yaron Fulani ɗan shekara goma yana shiga gaba da sandarsa, garke na bin sa. Ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta da kakarta, ya kira ta ta ɗago kai. Ta saba da hannu tun tana ɗaure a dangwali, kullum ana tatsar uwarta a gabanta, kullum tana kwana kusa da hayaƙin ruga. Saniyar gandu kuwa hannun mutum yana taɓa ta sau biyu ko uku a shekara, kuma duk ranar da ya taɓa ta da zafi yake zuwa. Rabinta naman daji ce. Shi ya sa ake bin ta ta baya, shi ya sa ake buƙatar doki da igiya. Wajen sanin saniya ɗaya ɗaya, da gane wadda ba ta da lafiya tun daga yadda take tafiya, ban ga kaboyin da ya kama ƙafar Bafulatani ba. Inda suka fi mu shi ne lissafi. Karsanarsu tana haihuwar fari a shekara biyu, kuma ana sa ran maraƙi kowace shekara. Bunajinmu a kiwon gargajiya takan kai huɗu ko biyar kafin ta fara, sannan ta riƙa tsallake shekara. Yawancin wannan tazara abinci ne, ba jini ba. Kada kuma ka ce a kwaso irin nasu a kawo: jar saniyar nan mai farar fuska, Hereford, da baƙar Angus, sammore da kaska da zafin Afrilu za su gama da su. Su kansu a kudancin Teksas mai zafi sai da suka nemi jinin shanu masu tozo. Gandun King, mai eka 825,000, ya haɗa Brahman mai asali daga Indiya da Shorthorn ya fitar da irin Santa Gertrudis, wanda aka amince da shi a 1940.

Daga Yuli zuwa Agusta doki ya huta, mu muka shiga uku. Kwana arba'in muna kan tarakta a fadama, yanka, tarawa, ɗora ingirici tsibi tsibi kamar ɗakuna, domin abin da za a ciyar daga Disamba zuwa Afrilu ke nan, tare da ƙulin angurya. Tsofaffin wurin ba su manta da Janairun 1949 ba, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe yankin makonni har sai da jiragen soja suka riƙa jefo wa shanu ciyawa daga sama. Ranar da ba a fadama kuwa, ana kan shinge da guduma da filaya, ko a saman famfon iska. Kowace makiyaya tana da irin wannan famfo mai farfela wanda iska ke juyawa ya zuƙo ruwa cikin kwatarniyar ƙarfe. In fatar cikinsa ta cinye ko iska ta ɗauke kwana uku a tsakiyar zafi, shanu ɗari suna tsaye a kan busasshiyar kwatarniya. Saboda haka kullum sai an zagaya, a duba ruwa, a ajiye kantun gishiri, a duba ciwon ido da ruɓewar kofato. In aka ga mai ciwo, nan take mutum biyu su zarge ta kai da ƙafa a yi mata allura a fili. In ka ce in kasa aikin kaboyi kashi goma, hawan doki bai fi uku ba. Albashin kuma bai taka kara ya karya ba: ɗaki, abinci, da 'yan daloli.

Mai gandun ya taɓa tsayar da mota a gefen wani tudu ya nuna mini wani rami fari fat, faɗinsa ya fi filin ƙwallo, iska ta kwashe yashin ta zuba a kan ciyawar da ke gaba. Ya ce mahaifinsa ne ya bar shanu suka daɗe a wurin a wata shekarar fari, ga shi shekara talatin yana zuba ruɓaɓɓen ingirici da tsofaffin tayoyi bai rufe ba. Ƙa'idarsu ita ce a ci rabi a bar rabi. Kafin ya dubi saniya sai ya dubi ƙasa, kuma in damina ta yi gardama yakan sayar da shanu tun suna da ƙiba, ya rage baki. Bafulatani ba zai yi haka ba, kuma ba wauta ba ce: ciyawar da ya bari yau wani ne zai cinye ta gobe, don haka maganinsa tafiya. Mai gandu yana iya barin rabi ne saboda ya san zai dawo ya tarar da shi.

To ka ga abin da ake nufi in an ce gandun kiwo. Ana nufin ƙasa mai takarda wadda ba mai shiga, ruwa a kowace makiyaya, abincin wata biyar a ajiye (hunturunsu shi ne raninmu), da kasuwar da ke saye da sikeli. Ana kuma nufin ƙasar da ba mutane, kuma na gaya maka yadda aka yi ta zama ba mutane. Mu a nan duk inda ka dasa dirka gonar wani ce ko burtalin wani. Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, kuma kowa ya ga yadda gonaki suka cinye da yawansu. Wanda ya ce a kwaikwayi Amurka ya fara faɗa mana inda zai samo ekokin. Abin da na ga ana iya ɗauka ba tare da an kori kowa ba shi ne yanka ciyawa tun tana ɗanya a ƙarshen damina maimakon a jira ta zama kara, allura a kan lokaci, rubuta haihuwa, da fitar da saniyar da ba ta biyan ciyawarta. Na ƙarshen nan shi ya fi wuya, ni ma na ɗanɗana.

A Oktoba ake yaye. A raba maruƙa da iyaye rana ɗaya, kwana uku ba mai barci saboda kuka ta kowane gefen shinge. Sannan tireloli su zo, a kora maruƙa kan sikeli ashirin ashirin, kowanne wajen kilo 200, mai saye da mai gandu suna tsaye suna kallon allurar sikelin ba mai magana, domin kuɗin shekara duka a wannan safiya ake samunsa. Daga nan sai wuraren turka, inda za a ɗura musu masara. Bayan sun tafi likita ya zo ya sa hannu ya duba kowace uwa, helma kuma ya buɗe baki ya duba haƙori, don yashin wurin yana cinye haƙoran shanu da wuri. Akwai wata tsohuwa mai karyayyen ƙaho da nake kira Gwaggo, ita ke shiga gaba duk ranar da za a sauya makiyaya, ta san kowace ƙofa. Likita ya zaro hannu ya ce ba ciki. Na ce wa helma ai wannan ita ke ja mana garke, a bar ta shekara guda mana. Ya ce ingiricin da za ta ci na wata mai ciki ne, ya shafa mata jan fenti a gadon baya. Ni ke riƙe da ƙofar a ranar, hagu masu zama, dama masu tafiya, na buɗe mata dama.